Ƙyallaye Biyu da Muka Ɗinka a Janairun 2012

A tsakiyar watan Oktoba na shekarar 2011, saura mako uku a yi Babbar Sallah, kusan kowane dare a shago muke kwana. Shagon namu yana bayan kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi, muna da kekunan ɗinki biyar da injin aikin wuya biyu, kuma da yake wutar lantarki ba ta zama, ƙaramin janareta ne yake riƙe da mu daga magariba har zuwa kiran assalatu. Lita biyar yake sha a dare, a lokacin kuwa naira 65 ake sayar da lita a gidan mai. Ni ne sakataren ƙungiyar telolin unguwarmu, an ɗora mini aikin ne saboda na yi karatun difloma kafin na dawo kan keke, kuma ta wannan matsayi ne abin da zan ba da labarinsa ya bi ta hannuna tun daga tushensa.

A rediyon da ke rataye jikin ƙusa muka fara jin cewa tun ranar 17 ga Satumba wasu mutane, yawancinsu matasa, sun yada zango a wani ɗan fili mai suna Zuccotti a birnin Niyok na Amurka, dab da Wall Street inda kasuwar hannayen jari da manyan bankuna suke, bayan wata mujallar ƙasar Kanada mai suna Adbusters ta yi kiran a fito. Takensu shi ne su ne kashi 99 cikin ɗari na jama'a, ragowar kashi ɗaya kuwa su ne suka kwashe dukiyar ƙasa. Ranar 1 ga Oktoba aka kama sama da mutum 700 daga cikinsu a kan gadar Buruklin. Ranar Asabar 15 ga wata kuma abin ya tsallaka teku, aka fito a ɗaruruwan birane cikin ƙasashe fiye da 80. A birnin Rum an ƙona motoci, a Madrid jama'a sun sake cika dandalin da suka fara zama a cikinsa tun watan Mayu, a Landan kuwa da aka tare musu hanyar kasuwar hannayen jari sai suka kafa tantuna a ƙofar babbar majami'ar Saint Paul.

Shugaban ƙungiyarmu, wanda ya saba zuwa hira shagonmu bayan isha'i, bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya ce ƙoshi ne yake damun Turawa, domin wanda yake da wuta da ruwan famfo da asibiti ba shi da dalilin kwana a titi. Wani ma'aikacin banki da ya zo karɓar ɗinkinsa ne ya zauna a kan benci ya warware mana zancen. Ya ce bankunan Amurka sun riƙa ba mutane bashin sayen gida ba tare da duba ko za su iya biya ba, sannan suka riƙa ƙulla basussukan suna sayar wa juna kamar haja, har ranar da asiri ya tonu, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumbar 2008. Gwamnati ta ware dala biliyan 700 daga kuɗin jama'a domin ceto bankunan, amma miliyoyin talakawa suka rasa gidajensu da ayyukansu ba wanda ya cece su. Ya ƙara da cewa a nan gida ma Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 a wasu bankuna a 2009 bayan shugabanninsu sun yi wasa da ajiyar mutane. Baba ma'ajinmu, dattijon da ya fara ɗinki tun kafin a ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Wato dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ashe can ma haka ake yi."

Daga wannan dare labarin ya zama abincin hirarmu. Mun ji Shugaba Obama yana cewa zanga-zangar tana nuna takaicin da Amurkawa suke ciki, mun kuma ji wani mai neman takarar shugabanci, Herman Cain, yana cewa duk wanda ba shi da aiki kuma ba shi da arziki, kansa zai zarga. Maganar nan ta ƙona wa yaran shago rai fiye da yadda na zata, domin biyu daga cikinsu suna da takardar kammala babbar makaranta, kuma sun sha yawon neman aiki kafin iyayensu su kawo su koyon ɗinki. Abin da ya fi shiga zuciyar Baba kuwa shi ne labarin wani babban limamin majami'ar Saint Paul, Giles Fraser, wanda ya ajiye muƙaminsa a ƙarshen Oktoba saboda ba zai yarda a yi amfani da ƙarfi a kan masu tantuna da sunan majami'a ba. Ƙanena, wanda yake karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya nuna mana a wayarsa yadda suke magana a filin Zuccotti: da yake an hana su lasifika, sai mai jawabi ya faɗi jimla ɗaya, na kusa da shi su maimaita da ƙarfi, na baya su ɗauka su isar. Baba ya kalla ya ce ai wannan aikin sanƙira ne a wajen ɗaurin aure. Ranar 15 ga Nuwamba 'yan sanda suka tashi filin da tsakar dare bisa umarnin magajin gari Michael Bloomberg, ni kuma na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, kuma ta ƙare a can nesa da mu.

Ranar Lahadi 1 ga Janairun 2012 hukumar tsara farashin mai ta sanar da janye tallafi. Kafin la'asar lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, gidajen mai da yawa suka rufe ƙofa, 'yan bumburutu suka jera galan-galan a bakin titi suna yanka farashin da suka ga dama. Kuɗin acaɓa daga Wunti zuwa Yalwa ya kusa ninkawa, waɗanda suka tafi ƙauyukansu bikin Kirsimeti da sabuwar shekara da yawansu suka maƙale babu kuɗin dawowa. Na ɗauki alli na yi lissafi a kan teburin yanka: man da muke saye naira 325 a dare ya koma naira 705, alhali mun riga mun yi ciniki da masu kaya a tsohon farashi, kuma telan da ya ƙara kuɗi bayan an yanka yadi ya zubar da mutuncinsa.

Ranar Laraba 4 ga wata Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ƙarƙashin Abdulwaheed Omar da takwararta ta manyan ma'aikata ƙarƙashin Peter Esele suka ba da sanarwar yajin aiki daga Litinin 9 ga wata. A daren muka kira taro a zauren shugaba. Ba mu sami saɓani a kan cewa tura ta kai bango ba, saɓanin a kan fita titi ne. Duk wanda yake Bauchi a watan Afrilun 2011 ya ga yadda fushin zaɓe ya rikiɗe ya zama ƙone-ƙone da kisa, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ga harin Madalla na ranar Kirsimeti bai yi mako biyu ba, ga dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomin Borno da Yobe da Filato da Neja, ga labarin an harbe wani matashi a Ilori ranar Talata. Mataimakin shugabanmu, Kirista ne ɗan yankin Bogoro wanda ya shekara ashirin yana ɗinkin kwat a garin nan, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma man nan nake saye, kuma ina so in fita. Amma ina so in ji daga bakinku cewa idan aka fita za a dawo da ni." Shiru ya ɗauki zauren na ɗan lokaci. A kan wannan magana aka gina duk shirin da ya biyo baya, kuma aka yanke cewa ƙungiya za ta fita a matsayinta na ƙungiya, da sunayen mutanenta a rubuce, ba a tarkace ba. Mutum 58 suka ba da suna a daren.

Washegari da dare 'yan bindiga suka buɗe wuta a wata majami'a a Gombe suka kashe masu ibada, ranar Juma'a kuma aka yi wani kisan a Mubi. Kafin Asabar mutum 15 sun zo sun ce in soke sunansu, wasu da bakinsu, wasu ta bakin matansu ko iyayensu. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ban yarda a ambaci sunayensu a taro ba. Saura 43, mataimakin shugaba yana ciki.

Aikin farko da aka ba ni shi ne in je inda shugabannin ƙwadago na jiha suke zama da ƙungiyoyin farar hula da na ɗalibai, in shaida musu cewa muna tafe. A can aka gaya mini wurin haɗuwa da lokaci da inda ƙungiyoyin sana'a za su tsaya a jerin gwano. Wani lauya da ke wurin ya ja ni gefe ya ce in rubuta wa jami'an tsaro takarda, amma in kula da lafazinta, domin sanarwa ce ba neman izini ba. Ya ce tun a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, a ƙarar da jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu suka shigar, cewa ɗan ƙasa ba ya bukatar izinin 'yan sanda kafin ya yi taro ko jerin gwano na lumana. Na rubuta takardar da hannu, aka buga mini ita a shagon kwamfuta, na yi kwafi uku. A ofishin da na kai ta na zauna a kan benci sama da awa uku. Da aka shigar da ni, tambayar farko da jami'in ya yi mini ita ce wane ne yake ɗaukar nauyinmu. Na ce, "Yallaɓai, asusun ƙungiya ne, naira hamsin-hamsin muke zubawa duk Juma'a, ga littafin idan kana son gani." Ya karɓi takardar ya ƙi buga hatimi a kwafina, sai da na fito wani ƙaramin ma'aikaci ya rubuta mini kwanan wata ya sa hannu a bayanta. Wannan kwafi a aljihun gaban rigata ya zauna har aka gama komai.

Daga nan shugaba da mataimakinsa da ni muka je gaishe da mai unguwa, muka shaida masa, muka wuce wurin limamin masallacinmu, sannan muka hau acaɓa zuwa Yalwa wurin faston majami'ar mataimakin shugaba. Mai unguwa bai ce mu je ba, bai ce kada mu je ba, ya dai ce duk yaron da aka kama da makami kada a zo masa da maganar beli. Malam liman ya yi mana addu'a ya ce dukiyar wanda ya rufe shagonsa amana ce a wuyanmu, ko wane ne shi, ko daga ina ya zo.

Inda muka fi daɗewa shi ne abin da za a rubuta. Mun sayi farin akoko yadi goma sha biyu, muka shimfiɗa shi a kan teburin yanka daren Asabar, sai gardama ta kaure. Ƙanena da abokansa suna so a rubuta sunan da ake yayi a Facebook da Twitter, wato Occupy Nigeria, a ƙasa kuma a fassara shi da "Mu mamaye Bauchi", domin a cewarsu haka duniya za ta gane tafiyarmu ɗaya da ta Niyok da Landan da dandalin Tahrir na Alƙahira. Shugaba ya ƙi ƙememe, kuma ina ganin shi ne da gaskiya. Ya ce a Hausa mamaya aikin mayaƙa ne, ana yin ta ne ga wanda bai shirya ba, kuma a makon da ake kashe mutane a wuraren ibada, duk wanda ya ga wannan kalma a saman kan matasa zai kulle gidansa ya ɗauko abin da ya ɓoye. Maganar kashi 99 ma ba ta karɓu ba, Baba ya ce mai tallan masa ba ta da lokacin lissafin kashi, farashi take so ta gani. Don haka ƙyalle na farko bai ba mu wahala ba: A MAYAR DA LITA NAIRA 65.

Ni ne na nace a yi na biyu. Tun hirar da muka yi da ma'aikacin bankin nan wata tambaya take cina. Gwamnati tana cewa kuɗin tallafi ya yi yawa, kuma wasu 'yan tsiraru ne suke amfana da shi, ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala da gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi sun faɗi haka a bainar jama'a kafin a janye shi. To idan haka ne, tallafin nan ba a hannunmu ake damƙa shi ba, kamfanonin da suke shigo da tataccen mai daga waje ake biya, saboda matatunmu huɗu na Fatakwal da Warri da Kaduna ba sa aikin kirki. Me ya sa ba a kama waɗanda suka ci ba, sai aka juyo kan wanda yake sayen lita biyar? A ganina a nan ne kukanmu ya haɗu da na mutanen Zuccotti, ba a suna ba. Shugaba ya ji tsoron kada a ce muna zargin wani attajiri, na ce ba za mu kira sunan kowa ba, tambaya za mu yi. Aka amince da SU WANE NE SUKA KARƁI KUƊIN TALLAFI? Ba mu yi amfani da fenti ba. Na zana haruffan da alli a kan baƙin yadi, yara suka yanke su ɗaya bayan ɗaya, muka bi su da keke muka ɗinke a jikin akokon, muka naɗe gefe muka yi kube inda gora za ta shiga. Lanƙwasar harafin Ɓ da Ɗ ta ba yaran wuya, sai Baba ya karɓi almakashi ya fitar da su da kansa. Daga ragowar farin yadin muka ɗinka ɗamara takwas ta dantse, domin mutum takwas da aka zaɓa su tsare layi.

Daren Lahadi na je sallama da mahaifiyata a Kobi. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Tunda ka ce amana aka ba ka, ba zan hana ka ba. Amma ka riƙe hannun ƙanenka, kada ka shigo mini gidan nan kai kaɗai." Na ce, "To, Inna, a sa mu a addu'a."

Da sassafen Litinin, cikin hazo da sanyin hunturu, muka taru a ƙofar shago. Na kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa. Sannan Baba ya ajiye daro a ƙasa ya ce kowa ya zazzage aljihunsa. Tela ba ya rabuwa da ƙaramin almakashi da reza da abin farke ɗinki, yawancinmu ma ba mu san suna jikinmu ba, amma a hannun jami'in tsaro kowane ɗaya daga cikinsu makami ne. Daron ya kusa cika rabi, aka shigar da shi shago aka kulle. Muka ɗauko igiya biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu, masu ɗamara suka riƙe, sauran muka shiga tsakani. Ƙa'idar ita ce ba wanda zai fita daga igiya sai ya gaya mini, ba kuma wanda zai shigo sai mun san shi.

Da muka isa wurin haɗuwa na ga taron da ban zata ba: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, lauyoyi, ɗalibai, 'yan acaɓa, mata da lulluɓi da mata da ɗankwali. Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal da bankuna duk a rufe. Motar lasifika tana can gaba nesa da mu, ba ma jin abin da ake faɗa, sai ƙanena ya haye kafaɗar abokinsa yana ɗauko maganar yana jefo mana, masu ɗamara suna maimaitawa zuwa baya, aikin sanƙiran da Baba ya ambata ya yi mana rana. A hanya jama'a kala-kala ne. Wasu mata sun fito da bokitan ruwa ƙofar zaure suna miƙa mana a moɗa. Wasu dattawa suna zaune a dakali suna kallo ba su ce uffan ba. Wani mutum mai farar shadda ya tsaya a bakin ƙofarsa yana ce mana ba mu san abin da muke yi ba, man da muke kuka a kansa ana kwashe shi ne a tankoki zuwa Nijar da Kamaru da Chadi, gara a cire tallafin a gina hanya da asibiti. Yara suka fara yi masa ihu, shugaba ya tsawatar, ni kuma na nuna masa ƙyalle na biyu na ce, "Alhaji, ai tambayar da muke yi ke nan." Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya koma ciki.

Sau ɗaya hankalina ya tashi ƙwarai. A wata mahaɗa wasu samari da ba mu sani ba, su kusan goma, suka ɓullo daga lungu suna gangaro da tsohuwar taya, ɗaya yana riƙe da gorar fetur, suka nufi wani rufaffen shagon kayan gyaran mota na wani ɗan kudu. Suna so su kutsa cikin igiyarmu domin a ce mu ne. Masu ɗamara suka ja igiya suka matse, Baba kuwa, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya fita ya je ya zauna a kan dakalin shagon ya miƙe ƙafa. Ya ce wa mai gorar, "Yaro, ni sa'an kakanka ne. In za ka zuba, fara da ni." Mataimakin shugaba ya je ya tsaya a gefensa, wasu malaman makaranta daga layin bayanmu suka ƙaraso. Samarin suka yi ta zage-zage, daga baya suka ja tayarsu suka koma inda suka fito. Da azahar ta yi, bayan shugabannin ƙwadago sun miƙa takardar koke, muka yi sahu a gefen titi, Kiristocin cikinmu su bakwai suka riƙe igiya suka kewaye mu har muka sallame, kamar yadda muka ji an yi a Kano. Kafin la'asar na sake kiran suna a ƙofar shago, mutum 43 suka amsa, kowa ya ɗauki almakashinsa a daro.

Abin da ban shirya masa ba shi ne kwanakin da suka biyo baya. Ma'aikacin gwamnati yana yajin aiki ne da sanin albashinsa zai zo ƙarshen wata, tela kuwa ranar da keke bai juya ba tukunya ba ta hau wuta ba. Ranar Laraba mai masar da muke saye a wurinta kowace safiya ta tare ni a bakin lungu, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malam sakatare, ƙullun kwana biyu na zubar. Ku da gwamnatin duk a kaina kuka ƙare." Ban sami abin da zan ce mata ba, kuma har yau ina ganin tana da haƙƙi a maganarta. A daren muka buɗe asusun ƙungiya, muka sayi buhun masara da rabin buhun shinkafa a wurin wani ɗan kasuwa da ya buɗe mana sitonsa ta ƙofar baya, aka auna wa yaran shaguna da masu iyali da yawa a mudu, aka kai wa mai masa nata. Yawan masu fita ya riƙa raguwa, ranar Alhamis mu 26 ne, ranar Juma'a 19. Aka ɗaga yajin Asabar da Lahadi domin mutane su yi cefane, ma'aikatan mai kuma suna barazanar rufe rijiyoyi. Safiyar Litinin 16 ga wata Shugaba Goodluck Jonathan ya yi jawabi ya ce lita ta koma naira 97, aka girke sojoji a Ojota ta Legas inda aka fi taruwa, kafin yamma ƙungiyoyin ƙwadago suka janye yajin.

A taron rufewa rai ya ɓaci. Matasa suna cewa an sayar da mu, 65 muka rubuta ba 97 ba, kuma an zubar da jinin mutane a Kano da Legas da Ilori a kan haka. Baba ya ce naira 44 da aka rage a kowace lita ba kyauta aka ba mu ba, ƙafarmu ce ta karɓo. Na karanta lissafin abin da aka kashe, akoko da baƙin yadi da igiya da gora da ruwa da hatsi, aka sa hannu, aka amince a ƙara kuɗin mako zuwa naira ɗari har asusu ya farfaɗo.

Amsar ƙyalle na biyu daga baya ta zo. Majalisar Wakilai, wadda ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi 8 ga Janairu, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Faruk Lawan, muka riƙa kallon zamansa a talabijin ɗin mai shayi, shugabannin hukumomi suna ba da alƙaluman da suka saɓa wa juna. A watan Afrilu rahoton ya fito. Naira biliyan 245 aka ware wa tallafi a kasafin 2011, amma kwamitin ya gano abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2.5. Kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga 'yan ƙalilan zuwa 140 cikin shekaru kaɗan, wasu an biya su kuɗin man da bai taɓa sauka a tashar ruwa ba, kuma kwamitin ya nemi a dawo da sama da naira tiriliyan ɗaya. Na sayi jarida na karanta wa jama'ar shago jerin sunayen kamfanonin da ƙarfi, shugaba yana zaune yana jan carbi. Da na gama ya ce in ɗauko ƙyallen, muka rataye shi a bangon ciki, saman injin aikin wuya. A lokacin an riga an kwashe tantunan Landan tun ƙarshen Fabrairu.

Ƙungiya ta umarce ni in rubuta wa ɗan majalisar da ke wakiltarmu takarda, muna roƙon a aiwatar da rahoton, a gurfanar da waɗanda aka ambata. Na rubuta, mutum 43 ɗin nan suka sa hannu, wasu da biro wasu da dangwale, sannan tara daga cikin waɗanda suka janye sunansu a Janairu su ma suka sa nasu. Na kai ofishinsa na mazaɓa, aka karɓa, ba a taɓa ba mu amsa ba. Ba a yi wata biyu ba sai ga labarin cewa shi kansa shugaban kwamitin ya karɓi daloli daga hannun wani ɗan kasuwar mai, shari'ar da ta ja har 2021 kafin kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 ta ɗaure shi. Ranar da labarin ya fara fita Baba bai yi ɗinki ba, ya zauna a bakin ƙofa har magariba, sannan ya ce in rubuta a littafin ƙungiya cewa takardarmu tana nan ba mu janye ta ba. Na rubuta, na sa kwanan wata, shi da mataimakin shugaba suka sa hannu a ƙasa.